Lambar Mijinyawa

Har yau idan wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Nakan kife ta a kan tebur in bari ta gama kukanta, sannan in ɗaga gefe ɗaya in leƙa sunan da ya fito. Mamana ta gaji da ganina haka, ta ce in jefar da layin in sayi sabo in huta. Ba zan iya ba, kuma dalilin yana cikin labarin Malam Mijinyawa.

Mijinyawa ɗan unguwar Gwallaga ne a cikin garin Bauchi. Mahaifinsa gyaran rediyo yake yi a ƙofar gida, shi ya sa tun yana ƙarami ba ya tsoron buɗe cikin na'ura. Da ya gama sakandare bai wuce ba. Ya koyi tafireta, ya yi shekaru a gindin wata darbejiya yana buga wa mutane takardu. Da kwamfuta ta shigo gari, abokan sana'arsa suka ce kayan 'yan ofis ne, ba za ta taɓa saukowa gindin bishiya ba. Shi kuwa ya sayar da babur ɗinsa ya sayi wata tsohuwa ta gwanjo, ya kama shago a Wunti tsakanin wani tela da mai sayar da baƙin mai. A nan na same shi, gajeren mutum mai furfura a gemu, da burushin fenti a aljihun gaba wanda yake share madannai da shi. Firintarsa Hajiya yake kiran ta, wai don ba ta aiki sai ta ga dama.

Ni Patricia nake, iyayena daga Bogoro suka zo Bauchi aiki. Bayan na gama jami'a da bautar ƙasa, shagonsa nake zuwa buga takardun neman aiki. Wata rana ya miƙo mini su da ɗuminsu, ya riƙe gefe bai saki ba.

"Digiri," ya ce, don haka ya raɗa mini, "takardar nan fa ta fi ki sanin ofisoshin garin nan. Ban da ita, me hannunki ya iya?"

"Cincin da kek, Malam."

"To ki daina ba Hajiya wahala. Gobe kawo cincin ɗin a faranti mai kyau. Rabi na hoto, rabi na mai ɗaukar hoto."

Shi ya buɗe mini imel na sana'a da shafin talla a Facebook, ya koya mini yadda ake rubutu a bulog. Shi ma yana da nasa, sunansa Kwamfuta a Sauƙaƙe, kuma duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan saka sabon rubutu. Ba dogon bayani yake yi ba. Kada ka sa manhajar sata a kwamfutarka alhali ga ta kyauta wadda masu ita suka ce ɗauki, ta satar nan kamar naman da ba ka san wanda ya yanka ba ne. Hoton atamfa da safe ake ɗauka a bakin ƙofa, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba, kuma a goge idon kyamara da bakin riga tukuna. Kada a rubuta farashi a jikin hoto, don gobe zai canza hoton kuma yana nan. Rubutun talla kada ya wuce abin da za ka faɗa wa mai saye alhali mai keke yana jiran sa. Kalmar sirri kuwa, ban da sunan ɗan fari, ban da shekarar haihuwa. Ka tuna wani faɗa da kakarka ta taɓa yi maka, ka rubuta shi ba tare da rabuwa ba.

Yawancin 'yan Kasuwar Muda Lawal ba masu karanta bulog ba ne, don haka yakan naɗi muryarsa ya tura musu ta WhatsApp. Kullum farkonsa ɗaya ne: "Salamu alaikum jama'a, naku ne Mijinyawa na Wunti." Har yara a kasuwa suna kwaikwayon sa.

Abin da ya fi nanatawa shi ne ajiya. Komai a ajiye shi wuri biyu. Tasa wayar ya saita ta yadda duk abin da ya shiga, hoto ne ko hira ko murya, sai ta kwafa ta aje a imel ɗinsa. Yakan nuna wa mutane yana murmushi, ya ce ko wayar ta faɗa rijiya yau, gobe zai dawo da komai a sabuwa.

Akwai kuma wani abu da yake yi, wanda duk muka ɗauka alheri ne, kuma alherin ne. Duk wanda zai buɗe imel ko shafi, akan nemi ya ba da lambar waya da za a turo masa saƙon tabbatarwa ranar da ya manta kalmar sirrinsa. 'Yan kasuwa kuwa wayarsu ba ta zama. Ta faɗi a keke, a zare ta a cunkoso, ko mutum ya ji wani layin ya fi arhar data ya koma can. Sai su zo shagon kamar za su yi kuka, shafi ya kulle, lambar da aka sa ta tafi. Da ya gaji da haka sai ya fara sa tasa.

"Taku lambar yau tana nan, gobe babu," yakan ce. "Tawa tun zuwan wayar hannu garin nan take. Lambata ba ta canzawa."

Idan mutum ya manta kalmar sirri, sai ya kira shi, saƙo ya shigo wayar Malam, ya karanta masa, shi ke nan. Masu atamfa, masu takalma, teloli, masu turaren wuta, har wata makarantar koyon ɗinki. Nawa shafin ma haka aka yi. Babu wanda ya taɓa tambaya me zai faru idan shi mai lambar ne ya tafi.

A tsakiyar zafin bazara ya tafi. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Ranar da na je gaishe shi yana ta tsokanata wai cincin ɗina ne ya kwantar da shi, kwana kaɗan kuma aka kira ni aka ce ya rasu. Ya bar matarsa Aishatu, da 'yarsu Fati da take firamare, da ƙaramin ciki da ba kowa ma ya sani ba.

Ban san yadda ake rabon gado a gidajen Musulmi ba sai a lokacin. Aishatu ce ta yi mini bayani: idan mamaci ya bar ciki, akan jira a haihu, don rabon namiji daban ne da na mace. Ita ma takabarta sai ta sauka za ta ƙare, kafin nan ba kasuwa ba unguwa. Wanda aka damƙa wa kayan shi ne yayan marigayin, Malam Kabiru, malamin makarantar allo, dogo siriri, wanda duk Gwallaga ta san ba ya wasa da haƙƙin maraya. Ya rufe shagon. Ya kashe wayar ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya sa ta a akwatin ƙarfe tare da kwamfutar tafi-da-gidanka da agogo da makullan shago, ya danna kwaɗo a gaban shaidu, ya ɗaura makullin a jikin carbinsa.

Da aka tashi daga zaman makoki na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi. Na ce ina so a ara mini wayar na ɗan lokaci, in shiga bulog ɗin in sanar da masu karatu cewa Malam ya rasu, don da yawansu ba 'yan Bauchi ba ne.

Yana jan carbi ya amsa.

"'Yata, niyyarki mai kyau ce. Amma wayar nan yanzu ba ta Mijinyawa ba ce. Ta Fati ce, da uwarta, da wanda yake ciki. Biyun zan iya tambayar su. Na ukun ban ji ta bakinsa ba tukuna."

"Baba, ba abin da zai ragu a jikinta."

"Batir zai ragu. Katin da ya bari a ciki zai ragu. Ko allura ba za ta fita daga akwatin nan ba sai an sauka lafiya."

Na yi godiya na tashi. Gaskiya ma sai na ji ya burge ni.

Damina ta zo ta wuce. Bulog ɗin ya tsaya a kan rubutunsa na ƙarshe, mutane suna ta tambaya a ƙasa ko Malam lafiya. Nakan amsa musu da sunana, amma amsata takan nutse cikin sauran. Ni kuma na ci gaba da cincin ɗina, nakan leƙa Aishatu in kai wa Fati ɗan abin taɓawa. Cikin ya tsufa, ƙafafunta suka kumbura.

Wata safiya Dorcas ta kira ni. 'Yar cocinmu ce, tana sayar da atamfa a Muda Lawal, kuma Malam ne ya buɗe mata shafi. Ta ce in zo yanzu, ba ta ce don me ba. Na same ta zaune a kan dilar kaya, wayar tana ajiye nesa da ita kamar wani abu mai cizo.

"Patricia, ke kika je jana'izar mutumin nan ko?"

"Na je gidan. A gabana aka fito da shi."

"To latsa ki ji."

Na latsa.

"Salamu alaikum jama'a, naku ne Mijinyawa na Wunti. Ga wata manhaja ta kyauta na samo muku, ku latsa abin da na turo a ƙasa ku sauke."

Muryarsa ce. Ba kwaikwayo ba ne. Daga lambarsa ta zo, da hotonsa na hula mai ruwan ƙasa, kuma da safen nan aka turo. A bayan muryar ana jin Hajiya tana tauna takarda, sannan wata mace ta yi dariya. Dariyata ce. Na tuna ranar da ya naɗi saƙon, bara, ina tsaye a bayansa. Kasuwa tana ta hayaniyarta, masu baro suna neman hanya.

Dorcas ta riga ta latsa abin da aka turo. Kafin la'asar shafinta ya ƙi buɗuwa. Washegari sai ga hotunan atamfofinta suna fita a shafin ba ita ta sa ba, da wata lambar asusu da ba ta taɓa gani ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, bulog ɗin ya fitar da sabon rubutu. Mutanen Gombe da Jos da Zariya suka cika ƙasa da murna: Malam ya dawo, Allah ya ƙara lafiya, mun yi kewa. Na rubuta cewa ya rasu tun bazara, kada kowa ya latsa komai. Kafin in ajiye wayar an goge abin da na rubuta. Wato akwai wanda yake zaune yana kallo.

Daga nan abin ya bi kasuwa rumfa rumfa. Wanda ya fi ɗaga murya shi ne Ɗanlarai mai takalma, ƙaton mutum mai faɗa da dariya a lokaci guda. Mutane suka fara zuwa rumfarsa suna neman takalman da suka biya ta shafinsa, shi kuwa bai san da zancen ba. Ya tare ni a bakin ƙofar kasuwa.

"Ke, 'yar gidan Mijinyawa! Gawa tana danna waya ne a garinku?"

"Alhaji, wayar tana kulle a akwati."

"Akwatin yana ina? A gidansa. Wa yake gidan? Matarsa. Wa yake shiga yana fita da leda a hannu? To ni ba yaro ba ne. Ashe shi ya sa yake ta cewa a sa lambarsa, a sa lambarsa. Tarko ya ɗana mana tun yana da rai, ya bar wa iyalinsa su riƙa girba."

Maganar ta riga ni isa Gwallaga. Matan da suke leƙo Aishatu suka ɗauke ƙafa. Wasu mazan har cewa suke yi wa ya buɗe likkafanin ya gani, alhali da su aka yi masa salla. Fati ta dawo daga Islamiyya tana kuka, wai an ce babanta yana sata daga kabari. Na sami Aishatu a tsakar gida ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma.

"Patricia, Baban Fati bai bar mana gida ba, wannan na gadonsu ne. Bai bar gona ba. Abin da ya bari, in Fati ta ce 'yar wane ce, a ce Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki. Shi ke nan abin da muke da shi. Ga shi ana cinye shi ina zaune, ba ni da ikon taka ƙofar gida in ce ƙarya ne."

Baban Fati take ce masa, ko maigidan. Tun da na san ta ban taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Na je ofishin kamfanin layin. Wata ma'aikaciya ta saurare ni da haƙuri, ta duba kwamfutarta, ta ce layin da ya daɗe ba kira ba kati akan mayar da shi kasuwa a sayar wa wani, haka ƙa'idar take, kuma an sayar da wannan. Wa ya saya? Ba ta da ikon faɗa. Ina yake? Ko'ina a ƙasar nan zai iya zama.

A cikin keke ina komawa na haɗa sauran da kaina. Wanda ya sayi layin ya ga saƙonni suna shigowa ana Malam kaza, Malam kaza. Da lambar ya buɗe imel ɗin Malam. A cikin imel ɗin kuwa ga ajiyar nan da Malam yake alfahari da ita, hirarsa da kowa, hotuna, da muryarsa ta shekaru. Ga kuma shafukan rabin kasuwa, kowanne an rataya makullinsa a jikin wannan lamba ɗaya. Mai keken ya tambaye ni ko lafiya, don ashe ina magana ni kaɗai.

Na yi wa Malam Kabiru bayani a zaure, sau biyu, a hankali. Na ce abin da zai wanke gidan kawai shi ne a buɗe akwatin a gaban mutane su ga wayar da idonsu.

Fuskarsa ta canza da ya gane cewa kullewar ce ta jawo. Amma ya girgiza kai.

"Na ɗaura alkawari a gaban shaidu. Saura kaɗan ta haihu. In kwance shi don surutun 'yan kasuwa?"

Sai muka ji murya daga bayan ƙofar da take shiga cikin gida. Ashe Aishatu ta jawo jiki ta zo ta tsaya a nan.

"Yaya, ka yi haƙuri in sa baki. Kana tsare wa abin da ke cikina waya da agogo. Na gode. To sunan ubansa fa, wa yake tsare masa? In an ci gaba haka, ranar suna kai kaɗai za ka zauna a ƙofar gidan nan."

Malam Kabiru ya miƙe. Ya sa takalmi ya nufi gidan liman. Da ya dawo ya ce za a buɗe a duba, ba za a raba ba, ba za a fitar da komai ba.

Bayan la'asar aka taru. Liman, da shaidun da aka kulle akwatin a gabansu, da Ɗanlarai da wasu 'yan kasuwa, ni da Dorcas muna rakuɓe a bakin ƙofar ciki, Aishatu tana bayan labule. Aka fito da akwatin. Yanar gizo-gizo ta haɗe kwaɗon da marfin, tsatsar damina ta kama shi, sai da wani tela maƙwabci ya kawo man keken ɗinki aka ɗiga kafin makullin ya juya.

"A'a, tsatsa ai ko jiya aka yayyafa ruwan gishiri za ta fito," in ji Ɗanlarai.

"Alhaji, gizo-gizon ma hayar sa aka yi?" Dorcas ta ce. Wasu suka yi dariya, gajeriya.

Malam Kabiru ya warware farin ƙyallen. Wayar ta mutu murus. Aka jona ta da wuta, muka zauna muna kallon ta kamar mara lafiya. Da ta farfaɗo, hoton Fati ya fito a fuskarta, a sama kuma babu alamar layi ko ɗaya. Liman ya sa aka zare sim ɗin aka nuna wa kowa aka mayar. Aka gwada kira da ita, ta ƙi.

Ɗanlarai ya murɗa baki. "To wa ya sani ko akwai wani sim ɗin a cikin ɗaki. Mata ai..."

Bai ƙarasa ba wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ya duba. Ya juya fuskarta ya nuna wa liman. Sunan da ya fito Mijinyawa Wunti ne. Babu wanda ya ce ya latsa, yatsansa ne ya latsa.

"Salamu alaikum jama'a, naku ne Mijinyawa na Wunti."

Muryar ta cika zauren da Mijinyawa ya tashi a cikinsa. Tasa wayar tana kwance a kan tabarma a gabanmu, ba ta motsa ba. Makullin yana hannun yayansa. Matarsa tana bayan labule, muna ganin ƙafafunta, hannayenta biyu riƙe da bakin ƙofa. Wani ya ce innalillahi. Daga cikin gida Fati ta rugo da gudu tana kiran Baba, Baba, ta ja ta tsaya da ta ga maza zaune suna kallon ƙasa.

Ɗanlarai ya kashe saƙon. Ya cire hula ya share kai ya mayar.

"Malam Kabiru, a yafe mini. A faɗa wa mai ɗakin ta yafe mini. Bakina ya yi gaba da ni."

Malam Kabiru bai ɗago ba. "Ni na kulle ta," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Na ce amana nake tsarewa."

Liman ya ce waɗanda suke zauren sun gani, amma kasuwa ba ta gani ba, kuma muryar mamacin ta fi ta kowannenmu ƙarfi a kunnen mutane. Sai an sami muryar da za su yarda da ita. Kowa ya san wadda yake nufi, babu wanda ya kalli labulen.

Na shiga ciki da wayata don naɗar murya. Aishatu ta zauna a bakin gado. Karo na farko ta ce, "Ni ce matar Baban Fati," na ce Anti, 'yan kasuwa ba su san wani Baban Fati ba. Ta sake, ta ce matar mai shagon kwamfuta na Wunti. Na ce shagunan kwamfuta a Wunti suna da yawa. Ta kalle ni, ta gane abin da nake nema, ta rufe fuska da mayafi. Na ɗauka ba za ta iya ba. Can sai ta janye mayafin ta ce in danna.

"Salamu alaikum. Ni ce Aishatu, matar Mijinyawa. Mijinyawa ya rasu tun bazara. Ni na ga fitarsa. Duk wanda ya yi muku magana da lambarsa ko da muryarsa, ba shi ba ne, kuma ba mu ba ne. Bai cuci kowa ba yana da rai. Don Allah kada ku bari a sa shi ya cuce ku yana kabari."

Ɗanlarai ne ya fara turawa, kuma shi ya riƙa bin rumfuna yana kunna wa mutane da ƙarfi, yana zagin duk wanda ya yi tantama kamar ba shi ya fara ba. Ni da Dorcas muka bi shaguna muna cire lambar Malam daga shafukan da ba a riga an ƙwace ba, muna sa ta mai shagon da ta wani nasa na jiki. Nawa na ceto. Na Dorcas ya tafi, sai sabo ta buɗe daga farko. An kai ƙara wurin hukuma, sun rubuta, sun ce za su bincika.

Aishatu ta haifi namiji. Ranar suna tabarmi ba su isa ba, sai da aka aro na masallaci. Ɗanlarai ya kawo wa jaririn takalmin da sai ya shiga firamare zai yi masa daidai. Aka raba gado. Wayar babu wanda ya miƙa hannu ya ɗauka, tana nan a akwatin.

Gwallaga da Wunti da Muda Lawal sun san gaskiya yanzu, idan an ambaci Mijinyawa sai a ce Allah ya ji ƙansa. Amma bulog ɗin bai dawo hannunmu ba, kuma muryar Aishatu ba ta kai ko'ina da tasa ta kai ba.

Kwanakin baya ina soya cincin saƙo ya shigo daga lambar. Ba murya ba ce, rubutu ne. "Digiri, kwana biyu. Ya cincin?" Mutum ɗaya ne a duniya yake kira na haka. Wanda ya rubuto ya zauna ya karanta hirarmu duka, ya san unguwarmu, ya san cocinmu, ya san ranar da nake kai kaya kasuwa. Man ya ƙone a kasko ina tsaye. Ban amsa ba, ban kuma toshe lambar ba, don ta nan nake ganin abin da yake turawa in gargaɗi mutane. Layina kuwa ba zan jefar ba. Na san inda layin da aka jefar yake zuwa.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, Kwamfuta a Sauƙaƙe ya sake fitar da rubutu, a kan yadda ɗan kasuwa zai kare shafinsa daga ɓarayi. Na Malam ne na bara, ba a taɓa ko kalma ɗaya ba, kuma duk shawarar da ke ciki gaskiya ce. Wani tela daga Azare ya rubuta a ƙasa yana godiya, yana tambaya ko Malam zai taimaka ya buɗe masa shafi. An amsa masa nan take: "Kira ni, ɗan'uwa. Lambata ba ta canzawa."